Wa Za a Kai wa Ƙarar Likita? Halin da Ma'aikatan Jinya Ke Ciki a Asibitocin Abuja

Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ya taɓa aikin dare a cikinmu ya san tambayar farko da nas ke yi idan ta karɓi aiki: wane likita ne yau? Amsar ce ke gaya mata ko za ta iya buga waya ƙarfe biyu na dare idan jinin mai jego ya hau, ko kuwa sai ta tsaya tana auna wanne ya fi sauƙi, jira ko shan zagi. Wannan tsayawar ita ce maganata a yau. Abin da nake so in kafa shi ne, rashin ɗa'ar wasu likitoci ya daɗe yana ci gaba ne saboda duk tsanin da ma'aikaciyar jinya za ta hau don kai ƙara, ƙarshensa teburin wani likitan ne.

Ba sai na ɓata lokaci wajen bayyana halayen ba, amma tun da akwai jami'an ma'aikata a zauren, bari su ji da kunnensu. Tsawa a gaban majinyaci da danginsa. Jefar da fayil a ƙasa don nas ta sunkuya ta ɗauka. Wurgi da almakashi a ɗakin tiyata don an miƙo wanda ba shi ake so ba. Yaron da ya fito daga makaranta bara ya kira ungozomar da ta haife shi a aiki da “ke”, ko sunanta bai nemi sani ba. Aiken ma'aikaciya sayen abinci alhali tana da marasa lafiya a hannu. Shiga daga wannan gado zuwa wancan ba tare da wanke hannu ba, idan an tuna masa ya ce, “Ni ne likita ko ke?” Barkwancin batsa a kan matar da aka sa wa maganin barci, tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Sai kuma wanda ba a cika faɗa a taro ba: hannun da ke sauka inda bai kamata ba a ɗakin hutun dare, da saƙonnin waya da ba sa ƙarewa. Na yi aiki a asibitoci a birnin nan, na ga wasu daga ciki da idona, sauran kuma ƙannena a aiki sun kawo mini suna kuka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne umarnin baki. Likita yana gida ko yana asibitinsa na kuɗi, ya ce a waya a ba da kaza, zai zo ya rubuta. Idan majinyaci ya tashi lafiya, shi ke nan. Idan abu ya ɓaci, sai a buɗe fayil a ga babu rubutunsa, sai sa hannun nas kaɗai. Ita za a ba takardar tuhuma, lasisinta ne a kan siraɗi.

Masu cewa wannan ƙorafin mata ne kawai, ko rashin haƙuri, ga alƙaluma. A 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Charles Hofling, ya yi gwaji: wani da ba a sani ba ya buga waya yana cewa shi likita ne, ya umarci nas ta ba majinyaci wani magani ninki biyu na iyakar da aka rubuta a jikin kwalbar. Cikin nas-nas 22, guda 21 sun tashi za su bayar sai da aka tsayar da su. Horon biyayya ne ya kai su, ba jahilci ba. A 2003 cibiyar ISMP mai sa ido kan kurakuran magani a Amurka ta tambayi ma'aikatan lafiya 2,095. Kashi 49 cikin 100 sun ce tsoratarwar da suka taɓa sha ta canza yadda suke neman ƙarin bayani a kan maganin da aka rubuta. Kashi 7 sun ce a shekarar da ta gabata sun shiga kuskuren magani da tsoron mai rubutawa ya taka rawa a ciki. A 2008 Alan Rosenstein da Michelle O'Daniel sun wallafa binciken da ya ƙunshi mutum 4,530 a asibitoci 102: kashi 77 sun ga irin wannan hali daga likitoci, kashi 71 sun danganta shi da kurakuran aiki, kashi 27 kuma da mutuwar majinyata. A watan Yulin shekarar ne hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman, ta wajabta wa kowane asibiti ya rubuta ƙa'idar ɗa'a da hanyar hukunta wanda ya karya ta.

Kada a ce ai waɗannan ra'ayin mutane ne aka tambaya. A 2015 Arieh Riskin da abokansa sun gwada abin a aikace a Isra'ila, da tawaga 24 ta likitoci da nas-nas masu kula da jariran da ke cikin mawuyacin hali. An ba su atisaye a kan jaririn roba, aka sa wani baƙon masani ya yi wa rabinsu 'yar maganar raini, ba ma zagi ba. Waɗanda aka raina sun fi sauran kuskure wajen gano cutar da wajen aikin hannu, sun kuma rage tambayar juna da neman taimako. 'Yar magana ke nan daga baƙo. To ina ga wanda ke shan ta kullum daga wanda ke gaba da shi?

A Ingila, a 2005, Elaine Bromiley ta shiga tiyatar hanci da ba ta kai ta kawo ba. Numfashinta ya toshe, manyan likitoci suka dage suna ƙoƙarin zura bututu ta baki har minti ashirin. Nas ta kawo kayan huda maƙogwaro ta ce ga su, ba wanda ya kula ta. Wata ta je ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman, ta dawo ta faɗa, aka dube ta kamar ta cika zumuɗi. Matar ta rasu bayan kwana goma sha uku. Can an yi bincike, an wallafa rahoton, ana koyarwa da shi har yau. A nan sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu rufe fayil. Kwana yana ƙarewa, babu musu, amma wannan bai ɗauke wa kowa nauyin amanar da ya karɓa ba.

Yanzu mu dawo gida, mu bi tsanin ƙarar mataki-mataki. Nas ta gaya wa shugabar sashenta. Shugabar ta kai wa babbar jami'ar jinya ta asibitin. Ita kuma a ƙarƙashin wa take? A asibitin koyarwa, ƙarƙashin shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitanci, wanda likita ne, shi kuma ƙarƙashin babban daraktan asibitin, wanda Dokar Soja ta 10 ta 1985 ta ce dole ya zama likita. A asibitocin Hukumar Birnin Tarayya, daga Asokoro da Maitama da Wuse har Kubwa da Nyanya da Kuje da Abaji, daraktan asibiti likita ne. Idan ta tsallake asibitin ta je majalisar MDCN mai ladabtar da likitoci, likitoci za ta tarar a kwamitin bincike. Idan ta je ma'aikatar lafiya ta tarayya, a ƙirga ministocin baya-bayan nan: Onyebuchi Chukwu, Isaac Adewole, Osagie Ehanire, Muhammad Ali Pate. Sai an koma zamanin Eyitayo Lambo, masanin tattalin arziki da ya riƙe ma'aikatar daga 2003 zuwa 2007, kafin a tuna da wanda ya daɗe a kujerar ba likita ba. Ban ce waɗannan mutane azzalumai ba ne. Na ce wanda ake ƙara abokin karatunsu ne, ko ɗalibinsu, ko ɗan ƙungiyarsu, kuma ma'aikaciyar da ke matakin albashi na takwas ta san haka tun kafin ta ɗauki biro. Abin da ke biyo baya mun haddace shi: a kira ta ofis a ce ta yi haƙuri, likita ya gaji ne, a canza mata sashe, shi kuma ya ci gaba da zagayensa.

Doka fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 21, ta ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba majinyacin da ya zage shi, ko ya doke shi, ko ya neme shi da lalata. Madalla. Amma sashen bai faɗi abin da nas za ta yi ba idan mai zagin shi ne wanda ke rubuta maganin da za ta bayar. Dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda a nan Abuja ta fara aiki kafin jihohi su karɓe ta, ta mai da cin zarafi da baki da tsoratarwa laifi, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ce ke kula da aiwatar da ita. A Nuwamban 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraron ƙarar neman lalata a wurin aiki, kuma tun 2013 ta yanke hukunci a shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft. Takardu dai ba su yi mana kaɗan ba. Ina roƙon wakilan Sakatariyar Lafiya ta Birnin Tarayya da ke zaune a gaba su tashi bayan na gama su gaya wa zauren nan ƙorafi nawa ma'aikatan jinya suka rubuta a kan likitoci bara, nawa aka bincika, mutum nawa aka hukunta. Idan amsar ita ce babu ƙorafi, to wannan shi ne mafi munin amsa.

Abin takaici, hukumarmu ta kanmu ta taɓa ƙara wa tsanin mataki. A ranar 7 ga Fabrairun 2024 majalisar NMCN mai kula da aikin jinya da ungozoma ta fitar da sanarwa cewa duk nas da ke son a tantance takardunta don aiki a waje sai ta yi shekara biyu tana aiki, kuma sai shugaban wurin aikinta ya rubuta mata shaidar kyakkyawan hali. Shugaban wurin aikin wane ne? An ba kura ajiyar nama. Macen da ta taɓa kai ƙarar babban likita, ita ce za ta koma tana jiran takarda daga ofishin da ya danne ƙarar. Shi ya sa a ranar 12 ga watan nas-nas suka cika ƙofar majalisar a birnin nan da kwalaye. A lokacin ne magatakardan majalisar, Faruk Abubakar, ya ce sama da nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Kafin nan, a 2023, shugaban ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANNM na lokacin, Michael Nnachi, ya ce 75,000 ne suka tafi cikin shekara biyar. Jami'ai suna son su ce kuɗi ne kawai ke jan su. Albashi yana ciki, ba wanda zai musa. Amma ku saurari waɗanda suka tafi Ingila idan sun bugo waya. Aiki can ya fi wuya, ga sanyi, ga kewar gida, sai dai za su gaya muku akwai fam ɗin da za ka cike idan an ci mutuncinka, kuma wani yana karantawa.

Gwamnati ta san matsalar sarai. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don duba dangantakar ma'aikatan lafiya, kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen 2014. Tun daga nan sai yajin aiki: haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta rufe asibitoci kusan mako shida a 2018, nas-nas na asibitocin tarayya suka yi na gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu har da kafa sashen jinya mai zaman kansa a ma'aikatar lafiya. Duk rigimar ta koma ta tsarin albashin CONMESS da CONHESS, wa ya fi wa alawus, wa za a kira kwansaltan. Maganar yadda ake bi da mutum a bakin gadon majinyaci ta ɓace a tsakani, kuma shugabannin ƙungiyoyinmu suna da nasu kason na laifin.

Za a ce likitoci ma suna cikin wahala. Haka ne. Likita mai neman ƙwarewa yana kwana biyu ido biyu, shi ma babbansa yana yi masa tsawa, ga albashin da ake riƙewa. Akasarinsu mutanen kirki ne. Za a kuma ce mu ma muna yi, kuma binciken Rosenstein ɗin ya nuna kashi 65 sun ga irin halin daga nas-nas. Matan da suka haihu a hannunmu suna da labari. Hanyar da nake nema ta hau kan kowa.

Buƙatar ba ta da tsada. A kafa ofishin karɓar ƙorafin ma'aikata a wajen asibiti, wanda ba ya amsa umarnin daraktan asibiti, a sa lauya da wakilin majinyata a ciki, a ƙayyade masa kwanakin da zai ba da amsa a rubuce, a hana canza wa mai ƙara wurin aiki har a gama bincike. Umarnin waya kuma, nas biyu su saurara, a rubuta lokaci, likita ya sa hannu kafin ya tashi aiki, in bai sa ba shi za a tuhuma. Sannan a ba nas ikon tsayar da aiki idan an tsallake ƙa'ida, a rubuce, da sa hannun shugaban asibiti. An gwada wannan. Peter Pronovost ya faro shi a asibitin Johns Hopkins a 2001, da 'yar takardar matakai biyar na saka bututu a babbar jijiya, wanke hannu ne na farko, aka ba nas-nas izinin dakatar da likitan da ya tsallake ko da ɗaya. Da aka faɗaɗa shi zuwa sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan, sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutukan jini da bututun ke jawowa sun ragu da kusan kashi 66 cikin 100.

Biyu daga cikin ukun nan ba sa buƙatar majalisa ko kasafin kuɗi. Sanarwa ɗaya daga Hukumar Kula da Asibitocin Birnin Tarayya ta isa, kuma ina ganin wakilanta a layin gaba.