A Auna Jini Kafin A Sha Maganin Ƙarin Jini

(Jawabin kwamitin lafiya a taron ƙungiya na wata-wata, Hausari, Maiduguri)

 

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce maganar jini. Ko'ina ka bi a garin nan, daga Hausari zuwa Gwange har Bulumkutu, da mutum ya ce yana jin jiri ko kasala, amsar guda ce: "Ai jininka ne ya yi ƙasa, je kemis ka sayi maganin ƙarin jini." A sayi kwalba a sha, ta ƙare a sayo wata, alhali babu wanda ya auna jinin. To, mu roƙonmu shi ne a fara da awo.

A cikin jini akwai wani sinadari ja, himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Jiki kuwa ba ya iya haɗa shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda muke samu daga abinci. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji yana da ƙarancin jini in awonsa ya gaza 13, mace 12, mai ciki kuma 11 a yawancin watannin cikinta. Asibitocinmu sun fi rubuta PCV a takarda. A wannan ma'aunin, 11 ɗin nan tana daidai da kusan 33. Kada a ɗauka matsalar 'yan tsiraru ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 da yara ƙanana 68 cikin 100 a Nijeriya suna da ƙarancin jini.

Amma fa a kula da kyau, don nan ne ake yawan kuskure. Awon PCV yana gaya maka jini ya yi ƙasa ne kawai, ba ya gaya maka dalili. Dalilan kuwa da yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, kuma mun ga yadda ruwa ya kwanta a unguwanni bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Tsutsar ciki tana tsotse jini a hankali. Yaranmu masu iyo a kogin Ngadda kan kamu da tsargiya, su riƙa fitsarin jini, iyaye su ce ai girma ne. Mace mai yawan zubar jinin al'ada, ko mai haihuwa a kai a kai, ajiyarta kan ƙare tun ba ta farfaɗo ba.

Shi ya sa ake da awo na biyu mai suna feritin. Shi yake leƙa rumbu, ya ga ko akwai sauran ƙarfe a ajiye. Mutum zai iya samun PCV ɗinsa daidai alhali rumbun ya kusa zama fanko. Sai dai in kana cikin zazzaɓi, feritin yakan hau ya yaudari mai karantawa, saboda haka ka gaya wa likita halin da kake ciki.

Mutum biyu muke so a riƙe musamman. Na farko mai sikila. Jininsa kullum a ƙasa yake, amma ba don rashin ƙarfe ba, kuma in an sha yi masa ƙarin jini, ƙarfen taruwa yake yi ya lahanta hanta da zuciya. Ɗura masa kwalba ba da umarnin likita ba ganganci ne. Na biyu dattijo, ko tsohuwar da ta daina al'ada. In aka ce ƙarfensu ya ƙare, sai a tambaya, ta ina yake fita? Wataƙila basir ne, wataƙila gyambon ciki, musamman ga masu haɗiyar maganin ciwon jiki kamar gyaɗa, wani lokaci ma ciwon daji ne na hanji. Kwalba tana iya ɓoye wannan har lokaci ya ƙure.

Wasu kan ce, jinin da bai isa ba shi za a ƙara ɗiba? Haba, jama'a! Jikin babba yana ɗauke da kusan lita 5, abin da ake zuƙa kuwa bai wuce cokalin shayi ɗaya ba.

Da muka ambaci shayi, ku yi haƙuri mu taɓa mutanen majalisa. Shayi mai kauri bayan cin abinci yana rage wa hanji ƙarfin tsotsar ƙarfe. Ba mu ce a daina ba, a dai jinkirta shi awa guda ko biyu. Lemun tsami da tumatir da gwaiba kuwa taimakawa suke yi. Hanta, nama, bandar Baga, wake, zogale, duk muna da su a Kasuwar Monday.

Magidanta, sauran aikin naku ne. In maiɗakinka tana da ciki, ka ga ta yi fari, tana haki, tana kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, ba ta izini da kuɗin mota ta je awo. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita yana iya kai ta lahira. Ana yin PCV har a ƙananan asibitoci. Feritin kuwa a tambaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na Jiha.

In likita ya rubuta ƙwayar ƙarfe, bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A ci gaba da sha ko an ji sauƙi, galibi wata 3 bayan jini ya dawo, sannan a sake awo. A kuma ɗaga ƙwayoyin nesa da hannun yara, don in yaro ya haɗiye su da yawa guba ne.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wassalamu alaikum.