Daga Burmi zuwa Mai Wurno



Yau hirarmu a kan wasan kwaikwayo ce. Ahmed Yerima ya rubuta wasa da Turanci mai suna Attahiru, labarin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. A 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarki ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gidajensu suka bi shi. A Burmi aka kashe shi. Ɗansa Muhammadu Bello ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Jikokinsu na can har gobe.

A dandali, ɗan wasa in ya faɗi sai ya tashi ya karkaɗe riga. Dangin da suka rabu kuwa, da yawa ba su sake ganin juna ba. Kai ma, faɗuwar gaban nan in ka hango mai kaki a shinge, alhali takardunka sun cika, ka taɓa tambayar daga ina ka gaje ta?

In akwai dattijo a rugarku, daren nan ka tambaye shi: Baffa, me ya taso kakanmu daga garinsu? Kar ka bari a binne amsar tare da shi.