Mace ɗaya, suna uku: gyara takarda kafin a kama hanya

 Yau maganarmu kan sunan matar aure ce a takarda, abin da ake rainawa har ranar da zai tsayar da tafiya.

Mu ɗauki misali. Yarinya an haife ta a Kaiama ta jihar Kwara, katinta na Najeriya ya ce Aishatu Usman. An kawo ta aure Parakou, ma'aikacin meri ya rubuta Aïssatou Ousmane da rubutun Faransanci. Da aka zo yin fasfo, wani ya ce ai matar Aboubakar ce, aka sa sunan miji. To, a gida kowa ya san mace ɗaya ce. Kwamfuta kuwa mata uku take gani, kuma jami'in da ke gabanta abin da ta nuna masa shi zai bi.

Daga ina matsalar take? Na farko, rubutu. Faransanci ya rubuta Djibril, Turanci ya rubuta Jibril. Nan Zénabou, can Zainab. Nan Mahamadou, can Muhammadu. Na biyu, jeri. A Benin sunan iyali ke gaba, a wasu takardun Najeriya na yanka ke gaba, mai cike takarda ya juya su bai sani ba. Na uku, sunan miji. A al'adarmu, Hausawa da Fulani, mace ba ta sauya sunan mahaifinta don ta yi aure, malamai ma suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab. Ɗaukar sunan miji daga ofis ya zo mana. Dokar iyali ta Benin ta 2004 ba ta raba mace da sunanta na haihuwa ba, na miji ƙari ne a kai. In kun ga an rubuta épouse kafin sunan miji, ma'anarsa matar wane, ke nan.

Akwai abin da ya fi suna nauyi, ku saurara da kyau. A wannan doka, auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura gaban jami'in meri, kuma na mace ɗaya. Auren masallaci aure ne a addini, babu mai ja, amma ba ya ba da takardar da ofishin jakadanci ke nema. Mai mata biyu ko uku ya san da wannan tun yanzu. Faransa, alal misali, tana barin baƙon da ya yi wata 18 da takardar zama ya nemi a kawo masa iyalinsa, amma ba ta karɓar mace ta biyu ta wannan hanya, kuma tana gwada takardar aure da ta haihuwa da fasfo harafi da harafi.

Wani zai ce, ni ba Turai za ni ba, iyakata Cikanda ko Kara. Gaskiya ne, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Amma matar aure ba baƙuwar kwana 90 ba ce, zama ta zo yi, kuma zama na son takarda. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 26, ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, nan ma sai sunaye sun dace. Ga kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai mata daga Gaya ko Dosso ya ƙara kula da takardunta.

A da ana gyara irin wannan da baki. Yanzu zamani ya sauya. Tun rajistar RAVIP ta 2017 zuwa 2018, hukumar ANIP ke riƙe da sunan kowa da lambarsa ta NPI. A Najeriya hukumar NIMC ce, da lambar NIN mai alƙaluma 11, kuma ba a ba da fasfo sai bayanan sun yi daidai da nata.

To, me za a yi? Ku baje takardun uwargida duka a tabarma: ta haihuwa, ta aure, katin shaida, fasfo, har takardun haihuwar yara, don sunan uwa na ciki. A samu ɗan makaranta ya karanta su a hankali, suna da ranar haihuwa. Takardar haihuwa ita ce uwa, sauran su bi ta. In bambancin na rubutu ne, a Benin akwai takardar kotu da ake kira certificat d'individualité, mai shaida cewa sunayen nan na mutum ɗaya ne. In kuskuren a takardar haihuwar yake, gyara ake nema, kuma akwai kotu a Parakou, akwai a Djougou. A Najeriya kuma ana yin rantsuwa a kotu, a buga sauyin suna a jarida, a haɗa da takardar aure a kai NIMC, sannan a nufi ofishin fasfo.

Kada a kankare, kada a sa biro a kan takardar hukuma. Kada a ba ɗan kamasho kuɗi ya yo sabuwa a bayan fage. Wannan jabu ne, kuma in aka kama, ƙaramar magana ta zama babba, bizar ma ta tafi.

Shawarata ga amare da iyayensu: in ba dole, a bar yarinya da sunan mahaifinta a kowace takarda. Takardar aure ta isa ta nuna matar wane ce. Aure na iya ƙarewa da mutuwa ko rabuwa, sunan uba kuwa yana nan, kuma da shi za ta nemi gadonta. Ranar zuwa meri, kai ango, karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Ke amarya, in ba kya karatu, ki ce a karanta miki da ƙarfi.

Mai tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Sai mun sake haɗuwa.