Mai zobe a tumbi a gaban tiren Omdurman

A Khartoum da Omdurman ba a cin abinci a kaɗaice. Tire ɗaya ake ajiyewa, da kisra, da asida, da wake ful, kowa ya sa hannu, mai gida kuma ba ya gajiya da cewa a ƙara.

A nan wanda aka yi wa tiyatar zoben tumbi yake shiga tsaka mai wuya. Zoben roba ne likita ke ɗaurawa a saman tumbi don rage ƙiba, aikin da Amurka ta amince da shi a 2001. Sai ya bar wata 'yar jaka da loma kaɗan ke cika ta. In mutum ya yi gaggawa, abinci ya tsaya masa a ƙirji, amai ya biyo baya. Busasshen nama da burodi sun fi kawo wannan matsala, don haka agashe, tsiren da Hausawan Sudan suka shahara da shi, da gasasshen naman kasuwar Gandahar ta Omdurman sai da taka-tsantsan.

Tiren kansa rufin asiri ne, domin ba mai ƙirga lomar wani. Mai zoben ya gutsuri asida kaɗan, ya jiƙa ta da miya sosai, ya tauna a hankali, ya cika wurin da hira. Lemon kwalba ya bar shi, shayi kuma sai bayan rabin awa.

Idan mai gida ya matsa, "Alhamdu lillahi, likita ne ya taƙaita mini" ta wadatar. Ya kamata masu gida su karɓi wannan amsar, su bar rantsuwa a kan baƙo.