Maigadin Gida Ko Na Haya? Jawabi Kan Tsaron Kwamfutocin Da Muke Aikawa Gida



Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero a 2006, sannan hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, kusan kowanenmu da ke zaune a Abuja ko Legas ko Kaduna ya taɓa aika wa ƙane ko ɗa da kwamfuta gida. Tambayar da ke biyo baya ita ce: wace manhajar riga-kafi za a sa mata? Tsaron da ke zuwa cikin Windows ya wadatar, ko sai an ƙara da irin su Avast da AVG da ake saukewa kyauta?

A da, amsar a bayyane take. Windows XP ba ta zo da riga-kafin ƙwayoyin cuta ba, dole mutum ya nemo daga waje. Amma tun daga Windows 8 a 2012, kamfanin Microsoft ya mayar da Defender cikakken riga-kafi, yana zuwa a kunne, yana sabunta kansa, ba ya neman ko kwabo. A 'yan shekarun nan kuma, cibiyar AV-TEST ta ƙasar Jamus, wadda ke gwada irin waɗannan manhajoji, ta sha sanya shi a sahun gaba.

Na kyautar ma suna kama ɓarawo, ba mu ce ba su da amfani ba. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Suna yawan damun mutum da tallar ya sayi na kuɗi, wasu kuma su nauyaya wa tsohuwar na'ura. Akwai abin da ya fi wannan. A Janairun 2020 aka gano cewa Avast na sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16.5.

Babbar matsalarmu a gida ma ba ta zaɓen riga-kafi ba ce. Akasarin kwamfutocin da muke aikawa tsofaffi ne, an ɗora musu Windows ta jabu, an kuma kashe sabuntawa don tattalin data. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mu tuna da cutar WannaCry da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a Mayun 2017: an fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya. Katangar da ta rushe, ba maigadin da zai iya tsare ta.

Haka nan filash da yaranmu ke kaiwa shagon buga takardu. Sau da yawa ɗalibi ya dawo ya tarar da aikinsa na shekarar ƙarshe ya ɓace, sai wasu alamomi masu ɗan kibiya. Galibi ba a goge aikin ba, ɓoye shi cutar ta yi, don haka kada a yi gaggawar wanke filash ɗin.

Shawararmu ita ce, wanda zai aika kwamfuta ya tabbatar tana ɗauke da Windows 11 ta asali, ya bar Defender a kunne, ya riƙa haɗawa da kuɗin data na sabuntawa. Wanda ya fi son na waje ya tsaya kan guda ɗaya, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. A koya wa yara ajiye kwafin aikinsu a wuri na biyu, kamar imel. Manomin Aliero ba ya jira sai albasa ta ruɓe kafin ya gyara rumbu.