Jawabin Ƙaddamar da Tantance Ƙarancin Abinci ga Masu Zuwa Asibiti a Giwa Tazo

  

Wannan taro ya haɗu ne domin ƙaddamar da tantance ƙarancin abinci, wato binciken da ma'aikacin lafiya ke yi don gano ko gidan mai jinya yana samun wadatar ci a kowace rana. Asibitoci sun saba da igiyar awon dantse ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, wadda jan launinta, ƙasa da santimita 11.5, ke nuna tamowa mai tsanani, kamar yadda kumburin ƙafafu biyu ke nunawa. Sai dai igiyar ba ta gane yunwa sai ta riga ta ci jikin yaro, alhali tambaya kan gano ta tun tana rumbu.

A Amurka, masu bincike sun fitar da tambayoyi biyu a 2010, waɗanda ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar amfani da su a 2015: ko cikin watanni 12 da suka wuce iyali sun yi fargabar ƙarewar abinci, da kuma ko ya ƙare babu kuɗin sayen wani. Tambayoyin sun fi nauyi a nan tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya tsananta, ko da yake yankinmu ya yi suna da albasar Aliero da kasuwar Jega.

Tun da magidanci ya fi son rufin asiri, wajibi ne a yi tambayar a keɓe, cikin mutunci, kuma kada amsa ta tsaya a takarda. Yaron da ya galabaita a tura shi Babban Asibitin Maiyama, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar masu tamowa, sauran iyaye kuma a koya musu kunun gero da waken suya da gyaɗa, a sanar da masu rabon zakka halin da suke ciki.

Allah ya albarkaci wannan aiki, ya ba da damina mai albarka.