Wutar Da Jiki Ke Kunnawa: Sinadaran Kumburi Da Kare Hanyar Fitsari Daga Ƙwayoyin Cuta



Zan fara da ɗan tsinken nan da muke tsomawa cikin fitsari. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin duba marasa lafiya ya san yadda abin yake. Mace ta shigo dafe da mara, ta ce, "Likita, sanyi ne ya kama ni. Fitsari kamar barkono, kuma ba na minti goma ban koma banɗaki ba." A ba ta kwalba, ta kawo fitsari ya yi dishi-dishi, a tsoma tsinke, bayan minti biyu ɗaya daga cikin 'yan gidajensa ya rikiɗe ya koma shunayya. Sai mu ce an ga cuta. A gaskiya abin da wannan gidan ya gano sinadari ne da fararen ƙwayoyin jinin matar suka zubar. Sawun mai gadi muka gani muka gane ɓarawo ya shigo. Maganata ta yau ke nan: kusan duk abin da majinyaciya ke kuka da shi, raɗaɗi da yawan fitsari da zazzaɓi, martanin jikinta ne, kuma wannan martanin da ke cetonta shi ne ke iya nakasa mata ƙoda.

Ɓarawon dai sananne ne. Ƙwayar E. coli, wadda mazauninta hanji ne, ita ke haddasa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na ciwon mafitsara ga masu lafiyar jiki. Wajen rabin mata za su gamu da shi a rayuwarsu, domin bututun fitsarin mace bai wuce kimanin santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai 20. Ƙwayar tana da wasu 'yan gashi masu ƙugiya a baki, da su take maƙalewa a tantanin mafitsara don kada fitsari ya wanke ta.

Kafin a kai ga kumburi akwai masu gadin da ba sa hayaniya. A 1950 Igor Tamm da Frank Horsfall na Cibiyar Rockefeller da ke Niyok suka bayyana wani furotin, wanda yanzu ake kira yuromodulin. Ƙoda ke yin sa, kuma duk cikin furotin ɗin da ke fitsarin mai lafiya shi ya fi yawa. Aikinsa yaudara ne: yana ɗauke da irin sukarin da ƙugiyar E. coli ke nema, sai ƙwayar ta cafke shi a maimakon tantani, fitsari ya yi waje da su tare. Akwai kuma katelisidin, wanda masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna a 2006 cewa tantanin hanyar fitsari na fitar da shi ya huda jikin ƙwayar. Sai lifokalin-2, mai hana ta abinci. E. coli ba ta hayayyafa sai da sinadarin ƙarfe, don haka takan aika wasu 'yan aike su ɗebo mata, shi kuma ya tare su a hanya. Wasu nau'o'inta sun koyi yi wa ɗan aiken lulluɓi da sukari yadda ba za a gane shi ba.

Idan ƙwayar ta tsallake waɗannan, sai a buga ganga. A jikin tantanin akwai wani furotin mai suna TLR4 da ke gane fatar ƙwayoyin cuta irin su E. coli. Bruce Beutler ne ya tabbatar da wannan aiki nasa a 1998, ya kuma samu rabo a kyautar Nobel ta 2011. Da zarar ya ji ƙwayar, tantanin zai fara zubo sinadaran kira, manyansu intalukin-6 da intalukin-8. Na farkon yana da hannu wajen zazzaɓi, shi ne kuma ke sa hanta ta yi furotin ɗin CRP da muke aunawa a jini. Na biyun shi ke kiran fararen ƙwayoyin jini da ake ce wa niyutrofil, su baro jijiya, su ratsa bangon mafitsara, su faɗa cikin fitsari suna haɗiye ƙwayoyin cuta. Gawarwakinsu ne ke sa fitsarin ya yi dishi-dishi. Mafitsara har takan zubar da saman tantaninta tare da ƙwayoyin da suka kutsa ciki, kamar mai ƙona ɗaki don kashe kuɗin cizo.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin binciken Catharina Svanborg da abokan aikinta a Jami'ar Lund ya nuna cewa gangar nan tana iya lalacewa ta fuska biyu, kuma sakamakon ya sha bamban. Yaran da ke yawan fama da ciwon ƙoda mai zazzaɓi, an tarar suna da ƙarancin furotin ɗin da niyutrofil ke jin kiran intalukin-8 da shi. A ɓerayen da aka cire wa makamancinsa, niyutrofil sukan taru a cikin naman ƙoda su kasa fita, su fashe a can, dafin da aka tanada don abokin gaba ya ci gida, ƙoda ta yi tabo. Su kuwa yaran da TLR4 ɗinsu ke da ƙaranci, sai a tarar da ƙwayoyin cuta cike da fitsarinsu amma babu raɗaɗi, babu zazzaɓi, ƙoda lafiya lau. Akwai wani nau'in E. coli mai lamba 83972 da aka samo daga wata yarinya a Suwidin, ta ɗauke shi shekara uku ba tare da ciwo ba. Daga baya har da gangan aka riƙa zuba shi a mafitsarar masu yawan kamuwa, ya cike wurin ya hana mugayen danginsa zama.

Wannan yana da amfani a aikinmu na yau da kullum. Sau nawa muke ganin sakamakon gwajin tsohuwa da ba ta kuka da komai, mu rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai takarda ta ce an ga E. coli? Ƙa'idojin magani sun hana haka, sai ga mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Mai ciki kam dole a ba ta, domin ƙwayar da ta yi shiru a mafitsararta tana saurin hawa ƙoda.

To me ya sa ciwon ke dawowa? Kusan ɗaya cikin huɗu na matan da suka kamu sukan sake kamuwa cikin wata shida. Ɗakin binciken Scott Hultgren na Jami'ar Washinton da ke Sen Luwis ya nuna a 2003 cewa E. coli na shiga cikin ƙwayoyin tantanin mafitsara ta yi dandazo inda niyutrofil ba sa kai mata. A Jami'ar Duke kuma, Soman Abraham da mutanensa sun nuna a 2013 cewa mafitsara kan yi hanzarin fitar da intalukin-10, mai kashe wutar kumburi, tun kafin garkuwar jiki ta gama haddace fuskar ƙwayar. Ba laifin mafitsara ba ne ƙwarai. Wurin da ke tara fitsari ba zai jure zama da gyambo ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne ƙwayar takan dawo a matsayin baƙuwa.

Ganin cewa kumburi ke kawo ciwon, an tambaya ko maganin rage kumburi kaɗai zai wadatar. A Jamus an gwada ibufurofen da fosfomaisin, mai kashe ƙwayoyin cuta, a kan mata kusan 500, aka buga sakamakon a 2015. Kashi biyu cikin uku na waɗanda suka sha ibufurofen sun warke ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, amma sun fi daɗewa suna wahala, kuma biyar cikinsu ciwon ya hau ƙoda, alhali ɗaya ce kacal a ɗaya ɓangaren. Gwajin da aka yi a Nowe da Suwidin da Danmak, wanda ya fito a 2018, ya nuna bakwai cikin masu shan ibufurofen ciwon ya hau musu ƙoda, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren. Ra'ayina shi ne, a inda majinyaciya ke tafiyar awa biyu kafin ta ga likita, wannan caca ce da bai kamata mu buga ba. Abin da ya fi ba da fata shi ne kashe reshe ɗaya na wutar a bar sauran, kamar yadda masu binciken Lund suka yi a 2016 da maganin anakinra, mai toshe wani sinadarin kumburi da ake kira intalukin-1, ya sassauta ciwon mafitsara a ɓeraye.

Dalilin neman wata hanya a fili yake. Rahoton mujallar Lancet na 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, E. coli ce kan gaba, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Mu da muke ganin ana sayen kafso biyu a kemis da sunan maganin sanyi ba ma buƙatar a fassara mana.

Ga ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga ɗaya a ƙofar gida: tsargiya. Ƙwan tsutsarta yakan zauna a bangon mafitsara shekara da shekaru yana ta da wani irin kumburi dabam, mai jawo fararen ƙwayoyin jini cikin fitsari ko da babu E. coli. Yaron da ya fito daga garin da ake noman rani a gefen dam, tsinkensa zai iya komawa shunayya, mu ba shi maganin da ba nasa ba. A auna intalukin-6 da intalukin-8 a fitsarin irin waɗannan yara, kafin a ba su farazikwantel, maganin tsargiya, da bayan an ba su, a gwada da sakamakon shuka fitsarin a ɗakin gwaji. Ba aiki ne mai cin kuɗi sosai ba, kwalabe da firji mai tsayayyiyar wuta ne babban abin da zai nema.